Daidaita Littattafai a Allon Karatu

Ɗakin karatun ɗalibin Hausa na wannan zamani a warwatse yake. Wani kashi yana cikin wayarsa, inda aboki ya turo masa ta WhatsApp. Wani yana cikin ɗan abin ajiyar nan da mu muke kira kile, maƙwabtanmu na Najeriya suke kira filash. Sauran suna cikin kwamfutar da ba ta kai awa biyu idan an ɗauke wuta. Malamai ma ba su tsira ba, don na san masu kwafi huɗu na ƙamus guda, kowanne da nasa suna, kuma babu mai iya tuna a cikin wanne ne ya yi alamar da yake nema. Da yawanku kun ga ƴar na'urar da nake shiga aji da ita, kun tambaye ni yadda littattafai suke shiga cikinta. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta ta.

Na'urar irin wadda aka ƙera domin karatu kaɗai ce, dangin Kindle na kamfanin Amazon, wanda ya fara fitowa a 2007, ko Kobo na wani kamfanin Kanada da Rakuten na Japan ya saye. Ni allon karatu nake ce mata, domin riƙonta riƙon allo ne, kuma ana wanke rubutu a ɗora wani. Fuskar allon ba fitila ba ce irin ta waya. Ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare, lantarki yana tura waɗansu sama waɗansu ƙasa, kuma da zarar shafi ya zauna ba ya ƙara cin batir sai an juya shi. Saboda haka caji ɗaya yakan yi makonni, kuma ana karatu da shi a tsakar rana ba tare da an kare shi da tafin hannu ba. Wanda ya san watan Afrilu a Damagaram, lokacin da zafi da ɗaukewar wuta suke zuwa tare, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sai dai allon an ƙera shi ne domin wani mai karatu dabam: mai katin banki, mai intanet da ba ta yankewa, mai sayen ƙagaggen labari daga kantin kamfanin ya karanta daga farko zuwa ƙarshe. Mu ba haka muke karatu ba. Abin da ke hannunmu yawanci hotunan shafuka ne da aka ɗinke cikin fayil ɗin PDF: Magana Hausa na Schön na 1885, ƙamusun Robinson, tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da Hausa Folk-Lore na Rattray na 1913, wanda aka rubuta ajaminsa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Ga kuma kundayen ɗalibai, da maƙalun taro, da takardun darasi. Irin waɗannan ba a karanta su a miƙe. Ana tsalle ne daga shafi na 40 zuwa na 600 a dawo, ana faɗaɗa ƙasan shafi, ana ja layi. Manhajar da allon ya zo da ita tana buɗe su, amma da ƙyar, kamar an ɗora wa dokin sukuwa mangala.

Wannan ne ya sa mutane suke sauya wa allon hali, abin da nake kira kwance dabaibayi. A Kindle sai an bi ta wata kafa da masu sa kai suka gano a cikin manhajarsa, kuma kamfanin yakan toshe irin wannan kafa a sabuntawa ta gaba. A Kobo abin ya fi sauƙi, kusan zuba ƴan fayiloli ne kawai. Manufar dai ɗaya ce, wato a sami damar ɗora wata manhajar karatu ta kyauta mai suna KOReader. Ita tana yanke farin gefen shafi don rubutun ya cika allon, tana ƙara wa tsohon bugu duhu, tana buɗe DjVu da EPUB, tana kuma karɓar ƙamusoshi irin na StarDict ta yadda in ka danna kalma ma'anarta za ta fito. Ba zan kawo matakan kwancewar ba, domin sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma abin da ya yi aiki bara yana iya ƙin yi bana. Abin da ya wajaba ku sani shi ne akwai kasada. Garanti yana iya faɗuwa, wanda ya tsallake mataki allonsa yana iya ƙin kunnuwa, wanda kuma ya bar shi yana sabunta kansa yana iya wayar gari ya tarar dabaibayin ya koma.

Me ya sa mutum zai ɗauki wannan kasada? A watan Yulin 2009 Amazon ya goge littattafai biyu na George Orwell daga allunan waɗanda suka saya, daga nesa, ba tare da sun ce a yi ba, domin wanda ya sa littattafan a kantin ba shi da izinin sayar da su. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma an riga an ga abin da zai iya faruwa. A Fabrairun 2025 kuma kamfanin ya janye damar da masu saye suke da ita ta sauke littafi a kwamfuta su zuba shi ta kebul. Ban kawo wannan don tsinuwa ba, kowane ɗan kasuwa yana tsare kantinsa. Amma mai nazari, wanda jarinsa shi ne abin da ya rubuta a gefen littafi cikin shekaru, yana da dalilin son makullin ɗakinsa ya kasance a aljihunsa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi shafarmu, wato baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A tsarin Unicode kowane baƙi yana da lambarsa. Ta k ita ce 107, ta z 122, alhali ta ƙ 409 ce, ta ƴ 436, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Wato suna can nesa da unguwar baƙaƙen Ingilishi da Faransanci, kuma ba kowane salon haruffa ne aka zana su a ciki ba. Idan babu su, ko dai a ga ɗan akwati a gurbinsu, ko na'ura ta aro su daga wani salon, sai ka ga ƙ ta yi tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙuwa, ta fi ƴan uwanta kauri ko tsawo. A KOReader jaka guda ce ta haruffa, ka zuba Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, magana ta ƙare. Waɗannan suna ɗora alamun karin sauti da na tsawon wasali a inda ya dace, ko da an haɗa biyu a kan wasali ɗaya, abin da mai karanta nahawun Paul Newman na 2000 ko wani rubutu a kan tsarin sauti ya san muhimmancinsa.

Haruffa ba sa maganin kowace cuta. Kundaye da yawa na shekarun baya an buga su ne da wasu salon haruffa na musamman, inda mai bugu yake danna q ta fito ƙ, ya danna x ta fito ɗ, ya danna v ta fito ɓ. A takarda lafiya lau. A PDF ma ido yana ganin daidai, domin salon yana ɗinke a cikin fayil. Amma ka mayar da shi EPUB, sai ɗalibi ya zama xalibi, ƙasa ta zama qasa, ka nemi kalma mai lanƙwasa ba za ka same ta ba. Irin waɗannan sai an gyara su a kwamfuta tukuna, kuma da hattara, domin musanya kowace q da ƙ a dunƙule yana lalata sunayen Turawa da kalmomin Faransanci da ke cikin manazarta. Tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu kuwa, manhajar da ta karance su ba ta san Hausa ba, kuma su kansu marubutan ba su bi hanya ɗaya ba: wani ɗigo yake sawa a ƙarƙashin baƙi, wani ƴar waƙafi a gefensa, wani bai bambance ba sam. Dabarata a nan ita ce in nemi tsakiyar kalma in bar baƙin farko. Ga manyan ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 kuwa, alamar shafi nake sawa a farkon kowane baƙi, aikin yamma guda ne, yana kuma biyan kansa har abada.

To, yaya littafi yake tashi daga kwamfuta ya shiga allo? Hanya uku nake bi. Ta farko kebul, kuma har yanzu ita ce mafi aminci idan kaya suna da yawa. Ta biyu manhajar Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006. Ita ce ma'ajin littattafaina: tana riƙe sunan marubuci, da shekara, da fanni, tana kuma iya magana da KOReader ba tare da kebul ba. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne wannan ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Ka kunna rabon wifi na wayarka, ko da babu ko dala a cikinta, ka haɗa kwamfuta da allo a kansa, sai su ga juna. Wayar ta zama dandali kawai inda biyun suke haɗuwa.

Hanya ta uku ita ce ainihin abin da ake kira daidaitawa, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Kwafa dabam, daidaitawa dabam. Mai kwafa yana ɗaukar abu daga nan ya ajiye can, ya tashi. Mai daidaitawa kuwa alkawari ya ɗauka cewa jakar nan da jakar can za su zama abu ɗaya kullum. Manhajar da nake amfani da ita sunanta Syncthing, Jakob Borg ne ya fito da ita a 2013, masu sa kai kuma suka shirya ta yadda za ta zauna a allunan da aka kwance. Kowace na'ura tana da doguwar lambar shaida, sai ka gabatar da su ga juna sannan su yarda su yi musaya, kuma ajiyar ba ta zama a rumbun kowane kamfani. Na ajiye maƙala a jakar kwamfuta da dare, na kunna wifi na allo da safe minti biyu, maƙalar ta iso. Na ce minti biyu ne domin wifi shi ne babban mai cinye batirin allo, wanda ya bar shi a kunne makonninsa za su koma kwanaki.

Ku dubi kalmar da kyau. Tsakanin daidaitawa da ɗaiɗaitawa lanƙwasa biyu ce kawai, kuma a aikace ma tazarar ba ta fi haka ba. Manhajar ba ta san niyya ba. Idan ka goge fayil a gefe ɗaya, a wurinta wannan ma sauyi ne da ya wajaba ta isar, sai ta goge shi a ɗaya gefen cikin biyayya. Wani ɗalibina na mastar ya haɗa wayarsa da kwamfutarsa haka nan. Ranar bikin ƙanwarsa wuri ya ƙare masa a waya, ya share jakar kundinsa yana cewa ai akwai ta a gida. Da ya dawo, na'urorin biyu suka gaisa, babi uku suka tafi. Abin da ya cece shi tsohon kwafin da ya turo mini wata guda kafin nan ne, aikin watan kuwa sai da ya sake shi daga takardun hannu. Saboda haka daidaitawa ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Ajiya ita ce kwafin da ke cikin wani faifai a aljihun tebur, wanda ba ya jin labarin abin da ake yi a waje.

Ga yadda na tsara nawa. Jakar littattafai hanya ɗaya take bi: a kwamfuta an sa ta mai aikawa kawai, a allo mai karɓa kawai, don haka duk abin da na share a allo ba ya taɓa asali. A kwamfuta kuma na kunna ajiyar tsofaffin kwafi, ta yadda abin da wata na'ura ta goge ko ta sauya zai koma wata ɓoyayyiyar jaka maimakon ya ɓace. Ma'ajin Calibre kansa ba na sa shi cikin daidaitawa, domin yana da kundin lissafinsa na ciki wanda hannu biyu suke iya rikitawa. Fitar da littattafai nake yi zuwa wata jaka dabam, ita ce take tafiya.

Hashiya ita ce mai wuyar. Abin da na ja wa layi da abin da na rubuta a gefe, KOReader ba ta cusa shi cikin littafin. Tana buɗe wata ƴar jaka ne a kusa da shi, mai suna irin nasa da ƙarin .sdr a ƙarshe, a ciki take ajiye shafin da na tsaya da dukan sharhina. Wannan yana da kyau, littafin yana nan da tsabtarsa, sharhin kuma ɗan ƙaramin fayil ne da ake iya karantawa. Amma igiyar da ta ɗaure su suna ne kawai. Ka sauya sunan littafi daga kwamfuta, hashiyar ta zama marainiya, littafin ya buɗe fari fat kamar ba a taɓa karanta shi ba. Kuma ita hashiya tafiyarta kishiyar ta littafi ce, daga allo take zuwa kwamfuta. Na zaɓi tsarin da ke tara duk waɗannan ƴan jakunkuna wuri guda, na ba su tasu hanyar. Idan aka yi rubutu a littafi ɗaya a na'ura biyu kafin su haɗu, Syncthing ba ta haɗa sharhin biyu. Tana ɗaukar na baya-bayan nan, ta sauya wa ɗayan suna ta ajiye shi a gefe da alamar saɓani. Da agogo take hukunci, shi ya sa nake duba agogon allo duk lokacin da batirinsa ya mutu ƙurmus. Sauran aikin na mutum ne: ka buɗe biyun ka gwada su layi bayan layi, abin da masu kwafar littattafai na dā suke kira muƙabala. Na'ura ta ɗauke mana kwafa, ba ta ɗauke mana wannan ba.

Tun da suna ne igiya, sai a raɗa shi sau ɗaya a bar shi. Ni marubuci nake farawa da shi, sai shekara, sai guntun take. A nan kaɗai nake sassauta ƙa'idar rubutu, ba na sa lanƙwasa a sunan fayil, duk da irin jan biron da nake yi muku a kanta a jarrabawa. Dalili shi ne na'urar da ke jera sunaye bisa lamba takan jefa Ƙ can bayan Z, kuma ma'ajiyar yawancin alluna tsohon tsarin FAT32 ce, wadda ba ta karɓar alamar tambaya ko ruwa biyu a suna. Ga kuma rikicin ƴ da muke rubutawa a Nijar da 'y ta Najeriya, inda ita ƴar waƙafin kanta iri biyu ce ko uku a madannai, ido yana ganin abu ɗaya na'ura tana ganin dabam. Cikakken take da lanƙwasarsa yana cikin bayanan littafin a Calibre, can ne gidansa.

Ɗalibai sukan ce in buɗe musu jakata gaba ɗaya, tun da abin ba ya cin kuɗi. Akwai jakar da na buɗe wa ƴan ajina, su masu karɓa ne kawai: takardun darasina, da littattafan da marubutansu suka daɗe da rasuwa haƙƙinsu ya zama na kowa, irin su Schön da Robinson. Abin da ba na sawa shi ne aikin marubucin da ke raye yana jiran kuɗin littafinsa. Na san hujjarku, kuma ba ta banza ba ce: littafin ba ya isowa kasuwarmu, in ya iso kuɗinsa ya kai na cefanen mako. Amma kasuwar littafin Hausa ƙarama ce. Marubuciyar da ta buga labarinta da kuɗin adashinta, in aji guda ya raba PDF ɗinsa, ba wani babban kamfani aka cuta ba, ita aka cuta, kuma mu ne za mu zo gobe muna rubuta maƙala a kan dalilin mutuwar ɗab'i. Kwance dabaibayin allon da ka saya da kuɗinka abu ne, fasa makullin littafin wani kuma wani abu ne dabam.

Akwai wata jaka da ba ta zuwa ko'ina sai tsakanin kwamfutata da allona. Hotunan rubuce-rubucen ajami ne da wani gidan malamai ya yarda na ɗauka, bisa sharaɗin ba za su bazu ba. Cikinsu akwai waƙoƙin wa'azi, akwai kuma wasiƙu da suka ambaci bashi da gādo na mutanen da jikokinsu suke raye. Dattijon gidan bai san mene ne intanet dalla-dalla ba, amma ya tambaye ni ko takardun za su kwana a hannun wani wanda bai sani ba. Na ce a'a. Da ta imel nake tura wa allon fayiloli, ko ta rumbun wani kamfani, da wannan amsa ba ta zama gaskiya ba. Ga wannan jaka har kashe hanyoyin Syncthing na waje na yi, ba ta motsi sai na'urorin biyu suna kan wifi ɗaya a ɗaki ɗaya.

A kan ajamin ne kuma allon yake nuna iyakarsa. Launin toka hawa goma sha shida kawai yake da su tsakanin fari da baƙi. Marubutanmu kuwa sau da yawa da baƙar tawada suke rubuta baƙaƙe, su sa wasula da ja. A ajamin Hausa wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi, wanda aka gāda daga ƙira'ar Warshu, kuma ba ma ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa. A takarda launi da kauri suna raba su. A allo jan yana komawa toka mai duhu, in takardar ta tsufa ta yi ruwan ƙasa sai ɗigon biyu su zama tagwaye. Nakan karanta shafi a allo don in san abin da yake magana a kai, in yi alama a inda na yi shakka. Juyar da shi zuwa boko kuwa sai na koma gaban kwamfuta, inda ja yake ja, in an kawo wuta.